Yadda Ake Taimakon Yaron da Kullum Yake Cin Sifili a Shifta

Ranar Juma'a ce ranar shifta a ajina, abin da yaranmu ke kira dikte. Wata shekara ina riƙe da CE2, wato aji huɗu na firamare, a nan Garwa ta Kamaru, akwai wani yaro a benci na huɗu kusa da taga. A lissafin ka ba mai kamo ƙafarsa. In na ba da labari a darasin tarihi, bayan mako guda zai maimaita mini shi har da inda na yi tari. Amma ranar shifta, a kan kayensa, wato littafin rubutunsa, jan birona yake ƙarewa. Kalmar *beaucoup* kaɗai ya rubuta mini ita iri uku a shafi ɗaya: *bocou*, *baucou*, *bokoup*. Na sa shi ya kwafe ta sau hamsin. Goman farko daidai, daga nan harafi ɗaya ya zame, sauran arba'in ɗin duk kuskuren ya yi ta kwafa. Ranar Litinin na ce ya rubuta ta a allo, ya rubuta *bocou*. Na ɗauka raini ne, na sa shi durƙuso, kuma ba sau ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Abin da ke damun yaron yana da suna. Faransawa na ce masa disotografi, wato tangarɗar da ke hana mutum riƙe yadda ake jera haruffan kalma, alhali hankalinsa lafiya lau, ana kuma koyar da shi kamar kowa. Yawanci tafe take da 'yar'uwarta disleksiya, wahalar karatu, ko da yake akan sami wanda karatunsa ya miƙe, rubutun ya ƙi. Ba yau aka fara ganinta ba. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda ko sunansa Percy sai ya rubuta Precy. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5 na 2013, ya ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na yaran makaranta na da irin wannan tangarɗa, a karatu ko rubutu ko lissafi. Ka auna da ajinka mai yara tamanin. Abin yana bin jini. Ba iska ba ce, ba sammu ba, ba kuma lalaci ba. Tushensa galibi yana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Ba ya tafiya kamar zazzaɓi, amma yana raguwa ƙwarai in an bi da shi. Ga yadda nake bi da shi yanzu.

Na farko: ajiye jan biro, ka karanta kurakuran

Ka tattara shiftar yaron uku ko huɗu, da wani abu da ya rubuta da kansa ko da jimla biyar ce. Kada ka ƙirga kurakuran. Ka ɗauki farar takarda ka raba su gida huɗu.

Gidan farko na kunne ne: in ka karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, ba kalmar da ka faɗa za ka ji ba. *Poisson* ta zama *boisson*, *vache* ta zama *fache*, *arbre* ta zama *abre*, *porte* ta zama *prote*. Na biyu na ido: in an karanta daidai ne, sai dai ba haka Faransanci ya ajiye kalmar ba, kamar *bato* a madadin *bateau*, ko *bocou* ɗin nan. Na uku na nahawu: *les enfant joue*, ko *a* inda ake son *à*. Na huɗu na yanka, inda yaro bai san iyakar kalma ba: *lécole*, *la vion*, *il sa muse*.

Wannan rabo shi zai gaya maka ta ina za ka fara. Yaron da kurakuransa suka taru a gidan kunne, in ka ba shi jerin kalmomi ya haddace, ɗiban ruwa da rariya kake yi. Wanda nasa na ido ne kuwa, kunnensa na aiki, siffar kalmar ce ba ta zama masa. Alamar da ta fi kama mini ita ce rashin tsayawa a kan kuskure ɗaya. Yaron da bai koya ba yakan rubuta kalma ba daidai ba, amma kullum iri ɗaya. Mai disotografi yau da wata, gobe da wata, wani lokaci ma a layi ɗaya.

Na biyu: ka tabbata ba wani abu ba ne

Kafin ka laƙaba wa ɗan mutane suna, ka kore abubuwa huɗu. Kunne: tsaya a bayansa ka faɗi kalmomi ƙasa-ƙasa ya maimaita, in ka ga alama, ko iyaye suka ce kunnen ya taɓa zubar da ruwa, a kai shi asibiti. Ido: matso da shi bencin gaba mako biyu ka gani. Fashi: yaron da zazzaɓin cizon sauro ya cinye wa rabin CP, wato aji biyu, ko wanda iyayensa suka taso daga wajen Kolofata ko Mora lokacin da rikicin Boko Haram ya rufe makarantu, tushe ne bai samu ba, da an ba shi zai kama da sauri.

Na huɗu shi ne harshe, kuma a nan ne malamai da yawa ke zamewa. Yaranmu na shiga SIL, wato aji ɗaya, da Hausa ko Fulatanci, wasu da duka biyun, Faransanci kuwa sai a aji suke fara jinsa da kyau. Bakin Bahaushe ba ya raba *p* da *f*, ba shi da *v*, ba shi da *u* irin ta *rue*, kuma ba ya jera baƙi biyu a farkon kalma, shi ya sa *classe* ke fitowa *kilas*. In yaro ya rubuta *la fluie* maimakon *la pluie*, ko *boiture* maimakon *voiture*, wannan Hausarsa ce ta leƙo, rabin ajin ma haka suke yi. Ba tangarɗa ba ce.

Yadda za ka raba su shi ne ka gwada yaron da harshen gidansu, cikin wasa, ba biro ba takarda. Ya tafa gaɓoɓin *ta-bar-ma*. Ya cire gaɓar farko daga *kasuwa* ya faɗi abin da ya rage. Ka tambaye shi *kafa* da *ƙafa* ɗaya ne, *bara* da *ɓara* fa? Wace kalma ce ta fara kamar *tulu*, *tuwo* ko *kunu*? Ya juya *gida* ta koma *dagi*, irin na masu zaurance. Yaron da Faransanci ne kawai matsalarsa zai yi ta dariya, har ya fi ka sauri. Mai tangarɗar kuwa ko da Hausar sai ya tsaya yana motsa baki, yana lalube.

Ka kuma je wurin malaminsa na allo, don sau da yawa ya riga ka gani. Na yaron nan cewa ya yi hadda kam kamar ruwa, amma ya daɗe a hajjatu fiye da sa'o'insa, kuma da ya kai rubuta allonsa da kansa, ɗigo da wasali sai su yi ta tsere masa. Ka tambayi iyaye ko akwai mai irin wannan a dangi. A nasu gidan, kawunsa ne: ɗan kasuwa mai wayo, amma har yau ɗansa ke rubuta masa rasit.

Kada ka yi gaggawa. Juya *b* da *d* a SIL da CP kusan kowane yaro na yi. Daga ƙarshen CE1, wato aji uku, ne abin ke zama abin dubawa, kuma su kansu likitocin ba sa yanke hukunci sai wahalar ta ɗore aƙalla wata shida duk da taimakon da aka ba yaron.

Na uku: ka yi magana da uban, sannan da yaron

Na sami mahaifin a shagonsa bayan la'asar. Da muka gama gaisawa na buɗe kaye. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Malam, ai na ba ka wuƙa da nama. Ka zane shi, in ya dawo gida ni ma in ƙara masa. In kuma boko ba rabonsa ba ne, ga shago."

Na ce, "Alhaji, da horo na gyara wannan da tuni ya gyaru, don na gwada. Wa ke ba da canji in ya zo taya ka?"

"Shi ne."

"Ya taɓa ɓatar maka da ko dala?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ko sau ɗaya."

Daga nan maganar ta yi sauƙi. Abu uku na roƙa: a daina dukansa kan shifta, a daina ce masa daƙiƙi a gaban ƙannensa, a kuma bar mini shi kwata ɗaya kullum bayan an tashi. Mu malamai ma mu tuna, dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998 ta haramta dukan ɗalibi, ko da mun saba kau da kai.

Shi yaron, gaskiya za ka gaya masa, a keɓe. Na ce masa, "Yarona, kanka lafiya lau. Lambobi na zama maka da wuri, kalmomi ne ba sa zama. Za mu bi da su ta wata hanya, kuma zai ɗauki lokaci." Kada ka yi masa alkawarin goma bisa goma. Yaron da ya shekara biyu yana cin sifili ya san ƙarya in ya ji ta.

Na huɗu: kwata ɗaya kullum

Minti 15 sau huɗu ko biyar a mako sun fi awa biyu ranar Asabar. Kayan aikin ba su da tsada: faranti da yashi, ƙwallayen dabino goma, ɗan madubi, gwangwanin tumatir uku, guntayen kwali, da ɗan allonsa na hannu.

Minti ukun farko na kunne ne zalla. Ka faɗi kalma, ya tura ƙwallon dabino ɗaya kan kowane sauti. Ka fara da Hausa, *rana* huɗu, *kifi* huɗu, sannan ka tsallaka. *Sac* uku. *Porte* huɗu. *Bateau* huɗu, ko da yake haruffanta shida ne. Wanda ke haɗiye *r* a *arbre* ko yake juya ta a *porte*, a nan ne zai fara jin inda take zaune. Ga mai kurakuran kunne, ka ba wannan rabin lokacin gaba ɗaya har sai ya zauna.

Minti huɗu na gaba, sauti ɗaya da harafinsa. Tagwayen da ke rikita yara su ne *p* da *b*, *t* da *d*, *f* da *v*, *s* da *z*, *ch* da *j*. Ya ɗora yatsu a maƙogwaronsa ya ja *ssss*, sannan *zzzz*, zai ji na biyun na rawa. Don *f* da *p*, madubi: a *f* haƙoran sama na taɓa leɓen ƙasa, a *p* leɓe biyu ke haɗuwa su fashe. Don *u*, ya ce *i*, kada ya motsa harshe, ya turo leɓe kamar mai hura wuta. Kada ka taɓa koyar da tagwaye biyun a rana ɗaya. Ka zaunar da ɗaya tsawon mako, ka kawo ɗayan, sai a mako na uku ka gwama su.

Ka haɗa kowane sauti da motsin hannu. Wata Bafaranshiya, Suzanne Borel-Maisonny, wadda ta kafa sana'ar gyaran magana a Faransa, ta tsara alama ga kowane sauti: zagaye da yatsu don *o*, yatsa ɗaya a miƙe don *i*, yatsa a maƙogwaro don *r*, yatsu uku a kan tebur don *m*. In ba ka san nata ba, ku ƙirƙiri naku, muddin ba za su riƙa canzawa ba. Mu ma ai ba baƙin wannan dabara ba ne. Malaman allo da suka raɗa wa baƙaƙe *lam jaye* da *ha kuri* da *ɗamisa hannu* sun san yaro ya fi riƙe harafin da ke da kama da suna.

Faransanci na da haruffa 26, sautuka wajen 36, da hanyoyin rubuta su fiye da ɗari. Sautin *o* kaɗai ana rubuta shi *o*, *au*, *eau*. Kada ka zube masa su tare. Ɗaya bayan ɗaya, kuma ka ɗaure 'yan gida ɗaya da igiya ɗaya. Mun zana kwalekwale a Binuwai, da malafa a kansa, da wuƙa da kek a ciki: *bateau*, *chapeau*, *couteau*, *gâteau*, duk a kan *eau*. Daga ranar, in ya yi shakka sai in ga yana tambayar kansa ko kalmar na cikin kwalekwalen.

Minti biyar, kalmomi. Biyar a mako sun isa, kuma daga waɗanda yake bukata kullum, irin su *dans*, *avec*, *toujours*, *maison*, ba na ƙawa ba. Kowace a kwalinta. Ya dube ta, ya faɗe ta, ku nemo ƙayar da ke cikinta, wato inda yake tuntuɓe, ya shafa mata launi. Ya zana ta da yatsa a yashi yana kiran haruffan. Sai ka kife kwalin, ya rubuta daga ka. Ya buɗe da kansa ya gwada, harafi da harafi. Kifewar nan ita ce gishirin aikin. A kwafi sau hamsin hannu ne ke tafiya, kai na barci. In an rufe kuwa dole ya shiga rumbu ya ɗauko, kuma ɗaukowar ce ke zaunar da kalmar.

Gwangwanayen nan uku su za su riƙe maka lissafi. Na farko ana buɗe shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Kalmar da ya samu ta hau gwangwani na gaba, wadda ya faɗi ta dawo na farko, ba faɗa ba tsaki.

Harafin ƙarshe da ba a furtawa, mu muna ce masa mai barci, kuma ɗan'uwansa ke tashinsa: *petit* da *petite*, *grand* da *grande*, *dent* da *dentiste*, *lait* da *laitier*, *riz* da *rizière*. Akwai 'yan kaɗan masu yaudara, irin *abri* da *abriter*, ka bar su sai gaba. Ita *beaucoup* da ta sa ni zalunci, yanka ta biyu muka yi, *beau* da *coup*, ɗaya na cikin kwalekwale, ɗaya da *p* mai barci. Kwana tara ta yi kafin ta kai gwangwani na uku.

Minti ukun ƙarshe, nahawu, doka ɗaya tak har sai ta zauna. Littattafai na cewa a musanya: in *avait* ta shiga to *a* ce, in *était* ta shiga to *est* ce, in *vendre* ta shiga to *-er* ce, in *vendu* ce to *-é*. Dabara ce mai kyau, amma tana bukatar kunnen da ya ƙoshi da Faransanci, wanda zai ji cewa *il va avait Pitoa* ba magana ba ce. Yaranmu da yawa ba su kai nan ba. Shi ya sa nake fara musu da Hausa, don abin da Faransanci ya haɗa a baki, Hausa ta raba shi sarai. *Et* ita ce "da". *Ou* "ko", *où* "ina". *Son* "nasa" ko "nata", *sont* "suna" ko "su ne". *Ces* "waɗannan", *ses* "nasa" masu yawa. *Il a un vélo* "yana da", *il va à Pitoa* "zuwa". Ya tambayi kansa me kalmar ke nufi da Hausa, amsar za ta ba shi rubutun. Inda *a* da *est* ke riƙe da aikin da ya wuce, kamar *il a mangé*, a nan sai ka koma ga musanyar littafi.

Jam'i ma sai ka yi masa bayani a fili. A Hausa kunne na jin bambancin yaro da yara. A Faransanci ka faɗi *le petit garçon joue* da *les petits garçons jouent*: baki ya canza wuri ɗaya, biro ya canza wuri huɗu. Ya zagaye *les*, ya ja kibiya daga ita zuwa kowace kalmar da take mulka, ya ba ta *s* ko *nt*. Zai yi ta jan kibiyoyin nan wata da watanni kafin ya daina bukatarsu, ka ƙyale shi.

Na biyar: gyara shiftar kanta

Duk wahalar kwatar nan za ta tafi a banza in ranar Juma'a sifilin na nan. In kowane kuskure na cin maki, yaron da ya sauko daga kuskure 30 zuwa 18 sifili ɗaya zai gani, alhali ya yi tafiya mai nisa. Ka ƙirga abin da ya samu. Shifta mai kalma 60, ya sami 38, ka rubuta 38 bisa 60. Mako na gaba 41. Ya riƙa zana tsani a bayan kayensa yana hawa. In dole ne ka sa makin hukuma a rajista, ka sa, amma wannan lambar ita za ka nuna masa da ubansa.

Ka ba shi rubutun shiftar a takarda da gurabe goma ko sha biyu, ya cike su yayin da sauran ke rubuta duka. Ko ya tsaya a rabi. Ka ba da kalmomi masu wuya tun Litinin. Ya riƙa tsallake layi don gyara ya sami wuri. In an gama, ya duba sau uku, kowane da nufinsa: na farko yana karantawa a hankali ya ji ko sautukan sun cika, na biyu kibiyoyin jam'i, na uku su *a* da *à*. "Duba aikinka" kawai ba umarni ba ne ga irin wannan yaro, bai san me zai duba ba. Kai ma in za ka gyara, ka ja layi a ƙarƙashin kuskure biyar da kuka riga kuka koya, sauran ka rubuta masa daidai da fensir ka wuce.

A tarihi da kimiyya da lissafi, ka ba shi makin abin da ya sani. In ya rubuta *Yaoundé* a karkace amma ita ce amsar, ya ci. In ka kasa karantawa, kira shi ya faɗa da baki. Kwafar darasi daga babban allo na cinye masa ƙarfi, ka rage masa, ko maƙwabcinsa mai kyan hannu ya sa takardar kabon. Kada ka tsayar da shi ya rubuta a gaban aji sai kalmar da ka tabbata ya iya.

Na san abin da abokan aiki za su ce: yara tamanin, ga zafin Afrilu, wa ke da lokaci? Yawancin abin nan ajin duka zai amfana da shi. Dabarar La Martinière da muka koya tun a makarantar horon malamai ta isa: ka faɗi kalma, kowa ya rubuta a allon hannu, ka buga tebur a ɗaga. Cikin daƙiƙa biyar ka ga nasa ba tare da kowa ya san shi kake kallo ba. In wani ya ce an fifita shi, ka ce mai ciwon ido ma an bar shi da tabarau.

Na shida: aikin gida

Uwar da ba ta yi boko ba tana da aikinta. Wasan gaɓoɓi da ƙwallayen dabino da Hausa ake yi, ana tsinkar zogale ma sai a yi. Yayarsa ko wansa da ke kwaleji ya riƙe gwangwanaye, da sharaɗin ba ranƙwashi. A zaɓi lokacin da bai gaji ba. Yaron da ya yi boko da safe, ya yi allo da yamma, in ka tsare shi bayan isha'i ba abin da zai shiga. Minti goma kafin la'asar sun fi.

Wani ya riƙa karanta masa da ƙarfi yana bin layin da yatsa, don ido ya saba da siffar kalmomi. Wayar gida ma na da amfani: ya faɗi jimla wayar ta rubuta, ya gwada da tasa, ko malam ya turo kalmomin mako da murya ta WhatsApp. Sai dai a nisanta shi da rubutun gajarce-gajarce na samari, irin *bjr* a madadin *bonjour* da *koi* a madadin *quoi*, don duk siffar da ido ya gani tana neman wurin zama.

Na bakwai: auna, ka nemi ƙwararre, ka shirya jarrabawa

Bayan mako shida ka sake ba shi ainihin shiftar da ka fara da ita, ka sake raba gida huɗu. Kurakuran kunne su ya kamata su fara raguwa. Na ido da na nahawu suna daɗewa, kuma sukan dawo in ya gaji ko yana ƙirƙirar rubutu da kansa, wannan ba koma-baya ba ne. In zango biyu sun wuce ba abin da ya motsa, ko ka ga abin ya haɗa da wahalar magana, ko yaron ya fara ƙin zuwa makaranta, a nemi likitan yara da mai gyaran magana, wanda ake kira otofonis. Sun yi ƙaranci, akasarinsu suna Yawunde da Duwala, don haka in iyaye za su yi tafiyar, ka ba su kayen yaron da takardar rabon kurakuran, su kuma roƙi rahoto a rubuce da atisayen da za a ci gaba da yi a gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. CEP, wato jarrabawar kammala firamare, da jarrabawar shiga kwaleji a ƙarshen CM2, aji shida, suke, shirin kuwa daga CM1, aji biyar, yake farawa. Kamaru na da dokar 13 ga Afrilu 2010 kan kare masu bukata ta musamman, don haka in akwai rahoton likita, uba ya rubuta takardar neman sassauci ta hannun darakta zuwa ofishin sufeto tun farkon shekara, ya riƙe kwafi. Ko an samu ko ba a samu ba, ka lissafa da yaron inda makinsa yake. Lissafi da sauran darussa na iya ɗauke nauyin shifta, kuma a CM2 sai ka riƙa ba shi cikakkiyar shifta sau ɗaya a wata don kada ta zo masa baƙuwa.

Abu na ƙarshe, kafin hutun ƙarshen shekara, ka miƙa shi hannu da hannu. Na yaron nan, na sa komai a ambulan ɗaya na kai wa malamar CM1: shiftarsa ta Oktoba mai 31 bisa 60, ta Mayu mai 49, jerin tagwayen da suka zauna da biyun da suka rage, *s* da *z*, da kwalaye sha bakwai da ke gwangwanin farko. Na ce, "Malama, bencin gaba, gefen dama, kuma kada ki sa shi kwafi." Ta zaro kwali ɗaya ta juya bayansa, ta ga kwalekwale da malafa, ta tambaye ni wannan kuma mene ne. Na ce ta tambaye shi ranar da aka koma a Satumba, ya fi ni iya bayaninsa.